Ruwa Ya Yi Kore, Ina Magani?

'Yan'uwana mata, tun muna 'yan firamare a ke karanta mana cewa ruwan da ba a yarda da shi ba, a tafasa shi kafin a sha. Malamar tsabta ta faɗa, duba-gari ya faɗa, a wannan fili ma an faɗa har an gaji. Gaskiya ne kuwa, tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da na zawo da sauran irinsu. To, yau na zo muku da labarin wani ruwa wanda wuta ba ta yi masa kome. Ko kin ƙone itacen gidanki duka a gindin tukunyar, yadda kika ɗora shi haka za ki sauke shi. Har ma ya fi muni, don ruwan ya ƙone ya ragu, gubar da ke ciki kuwa tana nan ba ta ragu ba.

A watan Agusta na 2014 mutanen wani birni a Amurka, sunansa Toledo, suka wayi gari ran Asabar da sanarwar hukuma: kada kowa ya sha ruwan famfo, kada a yi girki da shi, kada kuma a ce za a tafasa shi. Mutum wajen 400,000 ke nan, suka yi ta layin ruwan kwalba har ran Litinin. Ki duba fa, ba ƙauye ba ne mai ɗiban ruwa a kududdufi, birni ne mai manyan injunan tace ruwa. Abin da ya jawo musu shi ne tabkin Erie, inda su ke jawo ruwansu, ya yi kore shar, sai ka ce an kaɗa miyar kuka.

Mu dai duk koren da muka gani a kan ruwa gansakuka mu ke ce masa. Amma gansakuka iri-iri ce. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda ke naɗe wa yara ƙafa in sun shiga iyo. Wannan ƙazanta ce kurum, yawanci ba ta da guba. Kainuwa da bado kuwa tsire-tsire ne sosai, ba ruwansu da zancenmu. Wadda mu ke magana a kanta ba tsiro ba ce ma sam. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne dangin bakteriya, ba a ganin guda ɗaya sai da madubin likita, masana suna kiransu sayanobakteriya. Da hasken rana su ke haɗa abincinsu, kamar yadda ganye ke yi. Da yawansu suna da 'yan jakunkuna na iska a cikinsu, kamar goran da masunci ke hawa, saboda haka in ruwa ya kwanta sai su taso sama su yi yauƙi. Sa'an nan iska ta tura su bakin gaɓa, daidai inda ki ke tsoma tulu, daidai inda akuya ke sa baki.

Abu uku su ke so, zafi da ruwa kwance da abinci. Zafi ba mu rasa shi ba. Ruwa kwance kuwa ga kududdufan bayan gari, ga madatsun ruwa, ga tabkunan kiwon kifi. Abincinsu shi ne fosfaras da naitirojin. Kada sunayen nan su firgita ki, su ne a cikin buhun sufa da yuriya da maigida ke zubawa a gona, su ne a cikin kashin shanu da ruwan kwata da na masai, da wasu irin garin sabulun wanki. Damina ta kwashe su ta kai tabki, bazara ta zo da zafi ruwa ya janye, shi ke nan liyafa ta samu.

Kafin in ci gaba, bari in wanke wasu daga cikinsu, kada a yi musu kuɗin goro. A ƙasar Kanem ta Cadi, gabas da tabkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani kore daga tabkunan kanwa, su shanya shi a kan rairayi ya bushe, su ɓantara su kai kasuwa a yi miya da shi. Dihe su ke ce masa. Shi ma dangin sayanobakteriya ne, kuma shi ne Turawa ke sayarwa a kwalabe da tsada da sunan sifirulina. Amma irinsa daban ne, a ruwan kanwa mai ƙarfi ya ke tsirowa, matan kuma gadon aikin suka yi. Kada wata ta ji wannan ta ɗauki ƙwarya ta nufi kududdufi.

Masu gubar kuwa ba yau aka fara kuka da su ba. Tun 1878 wani masani, George Francis, ya rubuta yadda tumaki da dawakai da karnuka suka yi ta mutuwa bayan sun sha ruwan tabkin Alexandrina a Ostareliya. Wata gubar hanta ta ke kamawa, wata kuwa jijiyoyi ta ke kamawa, dabba ta hau karkarwa ta kasa numfashi tun ba ta yi nisa da bakin ruwan ba. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Birazil, aka yi wa masu ciwon ƙoda wankin ƙoda da ruwan da aka ɗebo daga wata madatsa ba a tace shi sosai ba. Gubar ta shiga jininsu kai tsaye, mutum fiye da 50 suka rasu da ciwon hanta. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ce wannan guba ce suka sha a kududdufai. Abin da ya kayar da giwa, ina ga ɗan akuya, ina ga yaro ɗan shekara biyu?

Kada kuma ki ce zancen ƙasashen nesa ne. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun auna ruwan wasu tabkuna na Zariya, a 2009 suka ba da labarin cewa sun sami gubar hantar nan, wadda a ke kira maikurosistin. A 2019 suka ba da labarin cewa sun sake samunta a cikin alayyafo da kabeji da latas na kasuwa, watau ta biyo ruwan ban-ruwa ta shiga lambu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 1998 ta sa iyaka, ta ce kada ta wuce giram 1 cikin lita miliyan 1 na ruwan sha. 'Yan makaranta, ku yi lissafin: jarka mai cin lita 25 har guda 40,000, abin da bai kai rabin cokalin shayi ba ya isa ya kai su iyaka.

Shuɗin gishiri da matsarmama

To, ina magani? Da farko mutane suka yi abin da kowa zai yi, suka ce a nemo abin da zai kashe ta. A 1904 wasu ma'aikatan gona biyu na gwamnatin Amurka, Moore da Kellerman, suka nuna cewa wani gishiri shuɗi da a ke yi daga jan ƙarfe yana kashe gansakuka ko da kaɗan aka zuba. Ga araha, ga sauri. A ɗaura buhunsa a bayan kwalekwale a zagaya tabki, kwana biyu ruwa ya washe. Duniya duka ta ɗauka, har gobe kuma ana amfani da shi a wurare da dama.

Yanzu sai ki kasa kunne, nan ne cibiyar zancen.

Kin san in kina gyaran kaza, da kin zo kan hanta sai ki sassauta hannu. Me ya sa? Saboda matsarmama. In kika cire ta ɗungurungum kika yar, nama lafiya lau. In kuwa wuƙa ta huda ta, ɗacin ya bi naman, wanki ba ya fid da shi. To, haka ƙwayar gansakukar nan ta ke. Muddin tana da rai, yawancin gubarta a ƙunshe ta ke cikin cikinta. Shuɗin gishirin nan fasa ta ya ke yi. Koren ya mutu ya nutse, ido ya ga ruwa garau, gubar kuwa ta tsiyaye ta narke a ciki, ba launi, ba a ganinta, yashin tacewa ma ba ya tare ta. Ruwan da ya yi kyaun gani ran Laraba ya fi na ran Litinin mai yauƙi haɗari.

Mutanen wani tsibiri a Ostareliya, Tsibirin Palm, sun ga wannan da idonsu a 1979. Madatsar da ke ba su ruwan famfo ta yi kore, ruwa ya soma wari, mutane suka yi ƙara. Aka zuba shuɗin gishiri. Ba a yi mako guda sosai ba yara suka fara amai da ciwon kai, hantarsu ta kumbura, daga baya zawo har da jini. Yara 138 da manya 10 suka kwanta, yawancinsu sai da aka ƙara musu ruwa, wasu aka ɗauke su a jirgin sama zuwa babban asibiti. Aka lura gidajen da ke shan ruwan rijiya ba wanda ya kamu. An daɗe ana ce wa abin ciwon da ba a san kansa ba, sai daga baya masana suka ɗebo ruwan madatsar suka sami irin gansakukar nan, da wata gubar da ba a taɓa sani ba a da. Yawancinsu sun tsaya a kan cewa maganin ne ya fasa ta ya watsa wa yara. Waɗanda suka zuba ba mugunta suka nufa ba, gyara suka zo yi.

Ban da wannan, jan ƙarfe ba ya ruɓewa. A wasu tabkuna na garin Fairmont a Amurka an yi shekara 58 ana zuba shi. Da aka zo aka duba, sai aka tarar ya taru jibgi a cikin taɓo, ƙananan halittun da kifi ke ci sun ƙare, kifi ya sha mutuwa, gansakukar kuwa bayan kowane zubi mako 1 zuwa 3 ta ke yi ta dawo. Dalili kuwa a fili ya ke, wadda ta mutu ta ruɓe ta zama takin wadda za ta biyo baya. Mai tumaki kuma ta ƙara riƙe wannan: a cikin dabbobin gida tunkiya ce jan ƙarfe ya fi yi wa illa.

Ni a ganina, wannan gishiri ba kayan hannun kowa ba ne. In ma za a zuba, masu ilmin abin ne za su zuba, tun koren bai yi kauri ba, sa'an nan a hana mutum da dabba kusantar ruwan har mako biyu ko fiye, kafin gubar ta lalace.

Akwai wani magani da ya fi shi ladabi. Kin san ruwan nan na wanke gyambo da a ke saya a kemis, wanda ke yin kumfa in an zuba? Haidurojin feroksaid sunansa. Masana sun gano cewa sayanobakteriya ba su jure shi kamar yadda sauran halittun ruwa ke jurewa. A 2009 aka gwada shi a wani tabkin wanka mai suna Koetshuis a ƙasar Holan. Giram 2 kacal aka sa cikin kowace lita 1,000, aka bi tabkin duka da kwalekwale ana tura shi cikin ruwa ta bututu. Cikin 'yan kwanaki kashi 99 cikin 100 na gansakukar ta mutu, gubar ma ta bi ta, sauran halittu ba su ji jiki sosai ba, tabkin ya zauna lafiya har mako 7. Daɗin abin shi ne maganin kansa ba ya zama. Kwana ɗaya ko biyu ya rikiɗe ya koma ruwa da iska. Amma shi ma fasawa ya ke yi, sai an jira an auna kafin a buɗe wa jama'a. Awon kuma lallaɓa ne, kaɗan ya gaza, da yawa ya kashe abincin kifi. Wanda a ke kaiwa bakin tabki ma ba irin na kemis ba ne, mai ƙarfi ne ƙwarai, yana ƙone fata.

A cire ta ɗungurungum

Tun da fasawa ce matsalar, sai wasu suka ce to a yi irin ta mai gyaran kaza. A nan kam, uwargida, kin riga masana. Alif ɗin nan da ki ke kaɗawa a ruwan rafi laka ta kwanta, shi ne ma'aikatun ruwa na duniya ke zubawa buhu-buhu. Yana tattara ƙwayoyin su dunƙule su nutse da ransu, da gubarsu a ciki, a janye ruwan sama a bar dagwalon. Daga nan a bi da ruwan ta cikin yashi, a bi da shi ta wani gawayi na musamman da a ke gasawa a masana'anta har ya yi ƙofofi ba iyaka, shi ke tsotse gubar da ta riga ta narke. Kulorin a ƙarshe ya ke zuwa, in an sa isasshe ya karya abin da ya rage na gubar hantar. Ki lura da jerin. In aka fara da kulorin tun koren na ciki, an koma gidan jiya, an huda matsarmama.

'Ya'yan zogale ma suna wannan aiki. Matan ƙauyukan Sudan da ke bakin kogin Nilu sun daɗe suna daka su suna kaɗawa a ruwa ya kwanta, masana kuma sun gwada sun ga suna dunƙule ƙwayoyin gansakukar su ma. A ƙasar Sin har ƙasar bakin tabki a ke kwaɓawa da wani abu mai danƙo da a ke samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, a watsa a kan koren ya ja shi ƙasa. Sin ɗin kuwa dole ta nemi dabara, don a 2007 tabkin Taihu ya yi irin wannan kore, mutanen birnin Wuxi wajen miliyan 2 suka yi kusan mako ba ruwan famfo.

Sai dai in gaya miki gaskiya, kada ki dogara. Alif da zogale ƙwayoyin su ke kwantarwa. Gubar da ta riga ta fita ta narke, ba su iya mata. Gawayin murhu kuma ba shi ne wancan gawayin ba. Saboda haka ruwan da ya yi kore shar, ko ya yi garau a randa bayan kin kaɗa alif, ban ce ki ba yaro ba.

Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa wadda ba kisa a cikinta, ita ce ta karan sha'ir. Sha'ir dai ɗan'uwan alkama ne, ana nomansa da yawa a Turai. A 1990 wasu masana a Ingila suka ba da labarin gwajin da suka yi: sun jiƙa karansa a wata hanyar ruwa, suka ga gansakuka ta ragu a ƙasa da inda karan ya ke. Mai zare aka fara gwadawa a kanta, daga baya aka kai shi madatsun ruwan sha na Ingila da Sikotilan aka ga mai gubar ma tana ja da baya. Yadda a ke yi, a sassauta karan a cikin raga kamar ta masunta, a ɗaura masa abin da zai sa ya yi iyo kusa da sama inda iska da rana ke samunsa. Giram 25 zuwa 50 a ke sa wa kowace murabba'in mita ta fuskar ruwa. Sa'ad da ya soma ruɓewa sai ya riƙa sakin wasu abubuwa kaɗan-kaɗan masu hana ƙwayoyin hayayyafa. A ruwan sanyi ya kan yi mako 6 zuwa 8 kafin ya fara aiki, a ruwan ɗumi mako 1 ko 2, aikinsa kuma ya kan kai wata 6.

Amma fa ba ya kashe wadda ta riga ta fito, hana sabuwa ya ke yi. Watau kafin bazara a ke sa shi, ba bayan ruwa ya zama miyar kuka ba. In aka cika shi da yawa kuma, ruɓewarsa ta shanye iskar ruwan, kifi ya taso ciki sama. A Amurka an gwada, wani wuri ya yi, wani wuri ko gezau. A Koriya an gwada ruwan karan shinkafa a ɗakin bincike, aka ga shi ma yana danne ta. Wannan ya sa na ke cewa, ga aikin da ya dace da 'yammatanmu masu karatun kimiyya. Karan shinkafa da na alkama tuli ne a Kadawa da Bakolori, ana cinna musu wuta. Wa ya sani ko magani a ke ƙonewa? Sai an gwada a tabkunanmu da zafinmu, an auna, kafin a ce wa kowa ya je ya zuba.

A hana ta abinci

Duk waɗannan da na lissafa, in kin duba, sharar tsakar gida ce alhali rariya na ta kawo datti. Wani masani a ƙasar Kanada, David Schindler, ya nuna wannan ta hanyar da ko yaro zai gane. A 1973 ya sami wani tabki mai siririn tsakiya kamar kalangu, ya raba shi biyu da labulen roba. Ya zuba abinci iri ɗaya a kowane ɓangare, sai dai ɗaya ya ƙara masa fosfaras. Kafin damina ta wuce, ɓangaren fosfaras ya yi kore shar, ɗayan kuwa yana nan garau. Aka ɗauki hotonsa daga jirgin sama. Hoton nan ya taimaka ƙwarai wajen shawo kan hukumomi su rage fosfaras a garin sabulu da ruwan kwata. Yau masana da yawa suna cewa a wasu tabkuna, kamar Taihu, tilas a rage naitirojin shi ma, amma ba mai musun cewa yunwa ce ke korar ta.

An kuwa gani a aikace. Tabkin Washington da ke gefen birnin Seattle a Amurka ya lalace da wannan kore saboda ruwan masan gari da a ke sakar masa. Daga 1963 zuwa 1968 aka yi ta aikin juyar da bututun zuwa wani wuri. Ba a zuba ko cokali ɗaya na maganin kisa ba, cikin 'yan shekaru ruwan ya washe.

Inda fosfaras ya riga ya taru a taɓon ƙasa kuwa, sai a ɗaure shi a can. Alif yana yin wannan. Akwai kuma wani yumɓu da masanan gwamnatin Ostareliya suka haɗa da wani ƙarfe mai suna lantanam, ana sayar da shi da sunan Phoslock. A watsa shi, ya bi ruwa yana kama fosfaras, ya kwanta a ƙasa ya rufe taɓon kamar marfi. Shi aka zuba a tabkin Serpentine na birnin Landan a 2012, kafin 'yan wasan Olamfik su yi iyo a ciki. Yana da tsada, kuma in rariya ba ta daina kawowa ba, kuɗin ya bi ruwa.

To, ke da ba ki da kwalekwale ba ki da ma'auni, mene ne naki? Naki ya fi yadda ki ke zato. Halittar nan ba ta rayuwa sai da haske, saboda haka randa da tanki da duro su zauna a rufe, a inuwa. Kwamin shan ruwan dabbobi a zubar a goge shi da tsintsiya, kada a riƙa ƙara sabo a kan tsoho har bangonsa ya yi kore. Wanki kuwa, na san ɗaukar ruwa da wuya, amma gara ki ɗebo ki koma nesa da gaɓa, ruwan sabulun ya nutse a ƙasa. Jujin taki da turken dabbobi kada su kasance inda ruwan sama zai wanke su ya gangara kududdufi. Ciyawar bakin ruwa ma a bar ta, tana tare abin da ke gangarowa. Ki gaya wa maigida, takin da ya zuba ya wuce kima ko ana gab da ruwan sama mai ƙarfi, rabi gona ta ci, rabi gansakuka.

In kuwa koren ya riga ya fito, ki nemi ruwan rijiya ko na burtsatse don sha da girki, ko da nisa. Rijiyar da ke ɗan nesa da tabki ta fi tabkin, don ƙasa tana tare ƙwayoyin, wasu halittun cikin ƙasa kuma suna cinye gubar a hankali. Ki hana yara wanka a ciki, su ne ke kurɓa ba su sani ba, jikinsu kuma ƙarami ne. Wanda ya riga ya shiga a wanke shi da ruwa mai kyau, don tana sa ƙaiƙayi da jan ido. In ya fara amai ko zawo a kai shi asibiti, kuma ki buɗe baki ki gaya wa likita ruwan da ya shiga, kada ki bar shi yana lalube. Kifin irin ruwan nan, a kayan ciki da hanta gubar ta fi taruwa, a cire su a binne, kada a jefa wa kyanwa. Dabba ta mutu a bakin ruwa ba dalili, a kira malamin dabbobi, a sanar da mai unguwa. Wanda kuma ya zo muku da ƙullin shuɗin gishiri ya ce a zuba gobe a sha, ku ba shi labarin yaran Tsibirin Palm.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin hutu, amma da babba a kusa. Ku sami doguwar sanda ku tsoma cikin koren ku ɗaga. In ta fito da zare-zare yana reto, mai gashin nan ce. In ta fito kamar an tsoma ta a fenti, ku yi hankali. Sa'an nan ku sa leda a hannu, ku ɗebi ruwan a kwalba mai haske, kada ku cika ta, ku rufe ku ajiye a wuri mai sanyi inda ƙannenku ba za su kai ba, kada a girgiza har safe. In koren ya kwanta a gindi, alama ce ta gansakukar banza. In ya taso ya yi zobe a wuyan kwalbar, jakunkunan iskar nan ne suka ɗago shi, mai yiwuwa ƙwarai sayanobakteriya ce. Kwalba ba ta iya gaya muku ko akwai guba ko babu, wannan sai ɗakin awo, amma ta isa a nuna wa duba-gari. In kun gama ku tona rami ku juye ruwan, ku wanke hannu da sabulu, sa'an nan ku rubuto mana sunan garinku da watan da kuka gwada da abin da kuka gani.